Haƙƙin Inuwa: Hoton HDR da Karkarar Arewacin Kano

Duk mai bibiyar shafukan 'yan yankinmu a Facebook, ko mai duba sitatus a WhatsApp, ya san irin hoton da za mu yi magana a kansa. Da zarar damina ta kankama, mazauna birni suka fara zuwa gida duba gona, sai hotuna su dinga zubowa daga Dambatta da Makoda da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa. Gero ya yi kore shar kamar an shafa masa fenti, gajimare ya taru curi-curi kamar tulin auduga, dattijon da ke zaune a gindin ɗorawa kuma ana ganin fuskarsa tar, sai ka ce wani ya haska shi da fitila da tsakar rana. Babu inda ya yi duhu, babu inda haske ya cinye. Hoton yana da kyau, jama'a kuma suna yabawa. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a gona da azahar ya san ranar Kano ba haka take ba.

Abin da ke haifar da wannan kama shi ne dabarar da ake kira HDR, wadda a Hausance za mu iya ce mata faffaɗan zangon haske. Yawancin wayoyin da ke hannunmu suna zuwa da ita a kunne, suna kuma aiki da ita ba tare da sun nemi izininmu ba. Dabara ce mai amfani, kuma ƙasa mai rana irin tamu ta fi ƙasashe da yawa bukatarta. Amma tana da wurinta. A karkararmu inuwa tana da aikin yi, hazo yana da labarin da yake bayarwa, duhun zaure kuma da gangan aka gina shi. Idan muka bar waya ta riƙa share waɗannan duka a kowane hoto, za mu tara dubban hotunan ƙauyukanmu waɗanda ba su riƙe komai na lokaci ko yanayi ba.

Yadda abin yake aiki

Masu ɗaukar hoto suna auna haske mataki-mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Hasken rana tsaka yana kaiwa wajen luks 100,000. Mu ƙaddara cikin wani zaure mai ƙofa ɗaya yana samun luks 50. Tsakaninsu ninki 2,000 ke nan, wato matakai 11. Idan kuma akwai mai farar riga a rana, da baƙin mutum zaune a cikin zauren, sai a ƙara wajen matakai 3, domin farin yadi yana mayar da haske ninkin-ba-ninkin na fata mai duhu. Mun kai 14. Ƙaramin farantin da ke kama haske a cikin waya, a ɗauka ɗaya, da ƙyar yake wuce matakai 10 zuwa 12 masu amfani. Dole ya zaɓa: ko rigar ta fito zauren ya zama baƙin rami, ko mutumin ya fito waje ya zama farin fili babu komai.

Idon ɗan Adam ma ba ya ɗauke wannan duka a lokaci guda, sai dai yana da wayo. Yana tsukewa a rana, ya buɗe a inuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa abin da ya gani nan da can ta ba mu siffa ɗaya. Shi ya sa wanda ya shigo zaure daga rana yakan ɗan yi jim bayan sallama kafin ya gane waɗanda ke zaune. HDR kwaikwayon wannan take yi. Kyamara ta ɗauki hoto fiye da ɗaya na abu guda, wani da ɗan haske domin sama ta fito, wani da haske mai yawa domin inuwa ta buɗe, sannan manhaja ta haɗa su.

Dabarar ta girmi waya nesa ba kusa ba. A shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya yi suna da hotunan teku, a zamanin da kayan aiki ba sa iya fito da ruwa da gajimare tare. Sai ya riƙa ɗaukar teku daban, sama daban, ya buga su a takarda ɗaya. Masana tarihin hoto sun gano cewa ya yi amfani da sama guda a hotuna fiye da ɗaya, wato tun ranar farko dabarar ta zo tare da jarrabawarta. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da lissafin da kwamfuta za ta bi ta haɗa hotuna da yawa ta gano ainihin hasken kowane ɗigo. Sun gwada shi da hotuna 16 na cikin wata majami'a mai tagogin gilashi. A 2010 Apple ya saka HDR a iPhone 4, inda wayar ke haɗa hotuna 3. A 2013 Google ya fito da HDR+, wanda ke ɗaukar jerin hotuna masu ƙarancin haske cikin ƙiftawar ido, ya daidaita su, ya haɗa, sannan ya ɗago inuwar. Daga nan abin ya bazu har ya iso wayoyin da ake saya a Farm Centre.

Aiki biyu ne a ciki, kuma bambanta su shi ne ginshiƙin wannan sharhi. Na farko tattara haske, wannan lissafi ne tsagwaronsa. Na biyu matse abin da aka tattara domin ya shiga fuskar waya ko takarda, tunda hoton JPEG na yau da kullum matsayi 256 kacal yake da shi ga kowane launi. A nan dole wani ya yanke hukunci: inuwa za ta yi haske har ina, sama za ta yi shuɗi har ina, fuska za a ɗaga ta nawa. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san cewa irin waɗannan lambobi ba daga sama suke faɗowa ba. Wasu mutane ne suka zauna suka gwada dubban hotuna, suka tsaya a kan abin da suka ga ya fi burge mai saye. Saboda haka abin da wayarka ta miƙo maka ra'ayin wani ne game da yadda ya kamata duniya ta kasance, kuma da wuya a ce mai ra'ayin ya taɓa zama a gindin tsamiya a Kunci a watan Afrilu.

Inda HDR ta cancanci yabo

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, a ƙarshe-ƙarshen Afrilu da kuma kwanaki kaɗan bayan tsakiyar Agusta, rana tana bi ta tsakar kanmu daidai. Sauran watanni ma ba ta yin nisa. Inuwarmu gajeriya ce mai kauri, rayuwar ƙauye kuma kusan dukkanta a bakin iyakar rana da inuwa ake yinta: majalisa a gindin darbejiya, tela a ƙofar shago, makarantar allo a zaure, mai auna hatsi a rumfa. Duk inda abin da ake son nunawa ya rabu biyu, rabi a rana rabi a inuwa, kuma kowane rabi yana da muhimmanci, to nan ne gidan HDR.

Ɗauki misalin kasuwar Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Ɗan kasuwa yana son ya tura wa abokin ciniki a Legas ko Maraɗi hoton wake ko riɗi. Buhunan suna cikin sito mai duhu, wasu an baza su a rana a ƙofa. Babu HDR, ko dai na cikin ya ɓace ko na wajen ya ƙone. Da ita, mai saye zai ga yawan kaya da tsabtarsu a hoto ɗaya. Haka lambun rani a gefen madatsar Tomas ko ta Watari a Bagwai, inda ƙyallin ruwa ke kashe ido, tumatir da albasa kuma suna ƙasa cikin inuwar ganye.

Babban wurin da muke ganin dabarar za ta yi mana aikin da ba a mantawa shi ne adana ginin ƙasa. Ɗaurin guga da azara da zanen bango na tsofaffin zaurukan hakimai da dagatai da masallatan ƙauye suna cikin duhu, haske yana shigo musu ta ƙofa ɗaya ko 'yar taga. Kowace damina wani yana zubewa, ana maye shi da bulo da kwano. Filasha tana kashe kyan irin wannan gini, domin tana wanke bango ta share lanƙwasar da maginin ya sha wahala a kanta. Amma idan aka kafa waya a kan abu mai ƙarfi ba ta motsi, aka bar ta ta tattara hasken da ke wurin, za a ga rufin, a ga ƙofar, a ga yadda haske ke gangarowa a jikin bango. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya samu masu nazari da masu hoto. Zaurukan ƙauyukanmu kuwa ba su da kowa sai mu da wayoyinmu. Jeren ɗakin amarya da cikin rumbu su ma suna cikin wannan sahu.

Abin lura a duk waɗannan misalai guda ne: abin ba ya motsi, kuma akwai dalilin son ganin abin da inuwa ta rufe.

Inda ya kamata a kashe ta

Wuri na farko shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura, mai yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kanmu. Ranar da hazo ya sauka sosai, rana takan zama farin faifai da za ka iya kallo da ido, inuwa ta yi laushi, kukar da ke nesa ta koma kamar zanen fensir. A irin wannan rana babu wata tazarar haske da ta fi ƙarfin kyamara, saboda haka babu abin da HDR za ta ceto. Amma manhajar ba ta haƙura. Takan ɗauki hazon a matsayin naƙasa, ta ƙara kaifi, ta zurfafa launi, ta yi ƙoƙarin nemo shuɗin da babu shi a sama. Sakamakon shi ne hoto mai datti-datti wanda bai yi kama da rani ba, bai yi kama da damina ba. Alhali hazon nan shi ne labarin. Shi ke gaya wa mai kallo cewa an gama kaka, an ɗaure harawa a kan bishiya, gawo ya fitar da ganye yayin da sauran ƙasa ta bushe, leɓɓan yara sun fara tsagewa. Marubutanmu sun san darajar wannan yanayi a cikin labari. Abin mamaki ne a ce hotunan da ake ɗorawa a bangon littattafai da shafukan labaran suna gudunsa.

Na biyu shi ne motsi. Tunda hotuna da yawa ake haɗawa, duk abin da ya gusa tsakanin ɗauka da ɗauka yana iya fitowa biyu-biyu ko ya narke, kamar fatalwa. Wayoyi masu tsada sun rage wannan matsala, masu sauƙin kuɗi kuwa har yanzu suna fama. Mata suna shiƙa, ƙaiƙayi yana tashi. Ana sussuka, taɓare yana sama. Doki a hawan sallah. 'Yan dambe a fagen kaka. Ganyen dawa a iskar hadari. Dukkansu ɗauka ɗaya mai sauri suke so. Wanda ya kunna HDR a kan mai shiƙa yakan samu ƙwarya mai baki biyu da ƙaiƙayin da ya koma hayaƙi, ya rasa ainihin abin da ya ja hankalinsa.

Na uku shi ne hoton da duhu ne ƙarfinsa. Makiyayi da shanunsa suna bin burtali gab da magariba, rana tana bayansu. Kyan wannan hoto shi ne su zama baƙar siffa a kan jar sama: ƙaho, sanda, malafa. Idan waya ta ɗago inuwar, sai ga tsummokara da ledojin bakin hanya sun fito, sama ta yi fari-fari, ga kuma wani kewayen haske ya bi gefen mutum da dabba, irin wanda tsofaffi ke cewa wata ya yi sansani. Wannan kewaye shi ne tambarin HDR da aka cika wa hannu, kuma da ka gane shi sau ɗaya za ka dinga ganinsa a gefen bishiyoyi da hasumiyoyin masallatai a rabin hotunan da ke yawo.

Na huɗu ya fi sauran nauyi, domin ya shafi mutunci. Gidan Bahaushe an tsara shi ne daki-daki: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida. Ba a saita ƙofofin a layi ɗaya, kuma duhun zaure kansa labule ne. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. A ƙauye, inda wani gidan danga ce ko zana ta kewaye shi, wannan labulen haske ya fi muhimmanci. Mai ɗaukar hoton abokinsa a ƙofar gida yana ganin baƙin fili ne kawai a bayansa, amma wayar tana ganin fiye da haka, kuma za ta fito da shi: matar gida tana wucewa babu mayafi, tsoho maras lafiya a kwance, kwanon abincin da maigida ba zai so a san abin da ke ciki ba. Kafin a ankara hoton ya hau sitatus. Babu wanda ya yi niyyar keta haddi, amma an keta. Ɗabi'ar da ta hana mu leƙa gidan mutane da ido ya kamata ta bi mu zuwa kan waya: a duba bayan hoto kafin a tura, a kuma bar duhun ƙofa yadda mai gida ya gina shi.

Fuskokinmu

Akwai tsohuwar rigima tsakanin kyamara da baƙar fata. Shekaru da dama dakunan wanke hoto suna daidaita launi ne da katin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley. Lorna Roth, wata mai bincike daga Kanada, ta ruwaito a 2009 cewa daga cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin kayansu ba ya fitowa daidai. A wannan fuska HDR ci gaba ce ta gaske, domin ita ta sa baƙin mutum cikin farar babbar riga zai iya fitowa shi da rigarsa duka. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, ya kafu a kasuwar Afirka da dalilai da suka haɗa da daidaita kyamara domin fata mai duhu, Google ma ya fito da nasa gyaran mai suna Real Tone a 2021.

Amma fito da fuska daban, haskaka ta daban. Idan manhaja ta ga fuska ta ɗauke ta a matsayin inuwar da ke bukatar ceto, sai ta ɗaga ta fiye da kima. Fatar ta rasa sheƙinta, ta koma toka-toka ko ja-ja, idan kuma an haɗa da maɓallin gyaran fuska sai tsagar gado da tamojin tsufa su shafe. Manomin da ya shekara 50 a rana ya fito kamar wanda ya dawo daga wajen mai kwalliya. A al'ummar da ke fama da annobar shafe-shafen bilicin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da kullum wayarta ke nuna mata kanta da haske fiye da yadda madubi ke nunawa, wata rana madubin za ta zarga. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, ya yi mafi yawan aikinsa da hasken rana a tsakar gida, kuma har yau ana kallon yadda baƙar fata ke ƙyalli a hotunansa. Bai da manhaja. Ya san inda zai zaunar da mutum ne, da lokacin da zai ɗauka.

Hoto a matsayin shaida

Wani zai ce ai hoto ne kawai, a bar mutane su ji daɗinsu. Gaskiya ne, babu laifi mutum ya so gonar mahaifinsa ta yi kyau a idon abokai. Sai dai wannan yanki namu yana da tarihi na musamman da hoto. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, shi da J. Wilson suka wallafa nazarinsu kan karkarar Kano mai cunkoson jama'a a 1965. Wannan ƙasa ce da ake nome kusan kowace gona duk shekara babu hutu, ana riƙe ta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Lokacin da ake ta hasashen cewa yawan jama'a da neman itacen girki za su mayar da kewayen Kano hamada, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru daban-daban suna cikin abin da shi da abokan aikinsa suka dogara da shi wajen nuna cewa manoma suna riƙe da itatuwan gonakinsu. Hotunan sun yi amfani ne domin babu wanda ya ƙawata su.

Yau mafi yawan hotunan wannan ƙasa wayoyinmu ne ke ɗauka. Su jikokinmu za su duba idan suna son sanin yadda Tsanyawa ko Gezawa take a zamaninmu, kuma su ne manhajojin gobe za su koya daga gare su. Tun yanzu ma shaidar tana da amfani na kusa. Manomi ya ga ganyen masararsa ya fara rawaya, ɗansa ya ɗauka ya tura wa malamin gona. Idan wayar ta zurfafa kore ta daidaita haske, rawayar da ke nuna ƙarancin taki tana iya dusashewa, malamin ya ce lafiya lau. Gonar da wuta-wuta ta kama, ko wadda fari ya sa ganyenta ya naɗe, tana iya fitowa shar a hoto. Wanda ke neman taimako da irin wannan hoto ya raunana hujjarsa da hannunsa. A nan gara a matsa kusa, a kare ganyen da inuwar jiki, a kashe duk wani gyara, a ɗauka yadda yake.

Duniyar aikin jarida ta ɗanɗana wannan. A 2013 hoton Paul Hansen na jana'izar wasu yara biyu a Gaza ya ci babbar kyautar World Press Photo, sai aka taso shi da zargin haɗe-haɗe, saboda hasken da ke fuskokin mutanen ya yi wa wasu kyau fiye da kima. Masana suka bincika suka ce hoto ɗaya ne, haskensa da launinsa kawai aka gyara. An wanke shi, amma makonni aka yi ana gardamar haske a maimakon maganar yaran. Idan gyara ya fito fili, yarda ce ke fara tafiya.

Tambayoyi uku kafin a danna

Ba ma kira ga kowa ya koma zamanin fim. Abin da muke nema shi ne hukuncin ya dawo hannun mai hoto. A yawancin wayoyi akwai maɓallin HDR a saman fuskar kyamara ko cikin saituna, mai zaɓi uku: kunne, kashe, ko wayar ta zaɓa da kanta. Inda babu shi, taɓa wurin da ka fi so ya fito daidai, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Wannan kaɗai yana dawo wa inuwa da nauyinta. Akwai kuma wani sabon abu mai wannan suna, wanda ya zo da Android 14 a 2023, inda fuskar wayar ce ke ƙara ƙyalli a wuraren haske. Wannan hanyar nunawa ce, kuma sau da yawa tana ɓacewa idan an tura hoton zuwa wata wayar.

Kafin ka danna, tambayi kanka abu uku. Shin akwai rana mai ƙarfi da inuwa mai kauri a cikin hoton nan tare? Idan babu, kamar ranar hazo ko lokacin da gari ya lumshe, HDR ba ta da aiki. Shin abin da ke cikin inuwar ina bukatar a gan shi, kuma ina da haƙƙin nuna shi? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, bar shi a duhunsa. Shin abin yana tsaye wuri ɗaya? Idan yana motsi, ɗauka ɗaya ta fi. Sai amsoshin uku sun zama e, sannan dabarar ta zama alheri.

Sau da yawa ma akwai hanyar da ta fi sauƙi. A ce wa Baba ya ɗan matso bakin inuwa ya fuskanci fili. A sa yaro ya riƙe farin mayafi a gefe ya mayar da haske kan fuska. A jira hantsi, ko la'asar sakaliya, lokacin da rana ke kwantawa ta fito da kowace kunya a gona da kowane zane a bango. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya tashi a wannan ƙasa yana iya duban tsawon inuwar rumbu ya faɗi ko azahar ta yi, ya dubi launin sama ya faɗi watan da ake ciki. Hoton da ya dace da ita shi ne wanda ɗan garin zai kalla ya iya faɗin waɗannan biyun ba tare da an rubuta masa a ƙasa ba.